Tsohon injin Chevy 350: wane manifol zan ɗora, ko saiti ne matsalar?

ƊanFagge_Houston: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da a-kori-kura Chevrolet C10 ta 1977, injin 350, giya TH350 mai hawa uku, bakin aksul 3.08. Wanda ya sayar mini ya ɗora mata dogon manifol (bututun da ke raba iska da mai daga kafireto zuwa silinda) na alminiyam mai buɗaɗɗen ciki, babu suna a jikinsa, da kafireto 750 mai famfo biyu. In na tsaya a danja na taka totur sai ta yi kamar za ta mutu kafin ta ɗauka, wani lokaci har da tari ta bakin kafireto. Shan mai kuwa ba a magana. Amma in ta haura kan babbar hanya tana tafiya lafiya. Ina tunanin canza manifol. Edelbrock Performer zan saya ko Performer RPM? Zuwa aiki da ɗan jan tirela ranar Asabar kawai nake yi da ita.

BabaMaiSifana: Wa'alaikumus salam. Kafin ka cire kobo, leƙa ƙarƙashin murfin bawul ka karanto mana lambar tof silinda. Sannan wane kamshaf ne a ciki?

ƊanFagge_Houston: Baba, lambar ta ƙare da 882. Kamshaf ɗin ban buɗe ba, amma a silo tana ɗan rawa kaɗan, ba can ba.

BabaMaiSifana: To ka ga 882 tof ne na shekarun da Amurka ta matsa wa kamfanoni kan hayaƙi. Ɗakin ƙonawarsa 76cc ne, matsin injin da ƙyar ya kai 8.5. Yanzu yi wannan lissafin da ni. Giyarka ta uku ɗaya-da-ɗaya ce, aksul 3.08, taya mai tsawon inci 28 ko kusa. A mil 65 cikin awa injinka yana juyi wajen 2,400 a minti. Daga danja kuwa yana tashi ne daga juyi 700 ko 800. Manifol mai buɗaɗɗen ciki irin wanda ka kwatanta, dangin Victor Jr. ke nan, shi Victor Jr. ɗin kamfanin da kansa ya rubuta aikinsa daga juyi 3,500 zuwa 8,000 ne. Inda shi yake farkawa, nan motarka take shirin canza giya. Sayi Performer 2101, daga silo zuwa 5,500, ka huta.

Mekano_Damagaram: Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara dalili don masu koyo. Manifol mai hawa biyu, irin su 2101, an raba cikinsa gida biyu. Injin nan yana kunna silinda a jere haka: 1-8-4-3-6-5-7-2. Ɓangare guda yana ciyar da 1, 4, 6, 7, ɗayan yana ciyar da 8, 3, 5, 2. In ka duba jerin za ka ga karɓa-karɓa suke yi, kowane ɓangare yana samun zuƙa ɗaya a duk digiri 180 na juyin karanshaf. Ramin ƙarami ne, hanyoyin dogaye, saboda haka kafireto yana jin zuƙar da ƙarfi ko injin yana tafiya a hankali, mai ya tashi ya gauraya da iska sosai. A mai buɗaɗɗen ciki silinda takwas ɗin duka rami ɗaya suke ja. In juyi ya yi ƙasa iskar ba ta da gudu, man sai ya kwanta a ƙasan ramin. Ka taka totur, iska ta shige, mai bai biyo ba. Tarin da kake ji ke nan.

Saurayin_Gudu: Haba dattawa, 2101 ai manifol ɗin kaka ne. Sa RPM Air-Gap kawai mutumina, ga kyau ga ƙarfi. Duk gwajin da na gani a bidiyo shi ke cinyewa.

BabaMaiSifana: Ɗana, injin da ake gwadawa a bidiyon nan tof ɗinsa 882 ne? Aksul ɗinsa 3.08?

Saurayin_Gudu: A'a, amma ai gobe zai iya canza tof. Gara ya saya sau ɗaya.

Na_Toronto: Maganar Air-Gap a yi hattara. Ba shi da hanyar nan da hayaƙin salansa ke bi ta ƙarƙashin kafireto ya ɗumama shi, kuma an ɗaga hanyoyin iskar sama don kada zafin baƙin mai ya taɓa su. A wurinmu nan da sanyin safiya sai ka jira injin ya ɗauki zafi sosai kafin ya daina shaƙewa. Na sa shi a motata Chevy Nova, na san abin da na saya, lokacin ƙanƙara ma ajiye ta nake. Amma shi a Houston yake, sanyi ba damuwarsa ba ce. Ƙila ma ya amfane shi.

Hajiya_V8: Ni fa ban ga wanda ya tambaye shi taimin ba. Malam ƊanFagge, ka taɓa ɗora fitilar taimin a motar nan? Ka cire tiyon bakyum na distirbuta ka toshe, ka gaya mana digiri nawa take a silo, nawa kuma a juyi 3,000. Ka haɗa agogon bakyum ma. Na ga motoci da yawa da aka canza musu manifol da kafireto alhali wuta ce take makara.

Oga_Panteka: Hajiya kin riga ni. Mu nan ba mu cika ganin V8 ɗin Amurka ba, amma Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna mun ci ta mun sha ta. Mutum zai zo ya ce kafireton Solex ɗinsa ya lalace a wanke, ka duba ka ga kwantak ne ya cinye ko taimin ya goce. Ƙa'idar da ogana ya koya mini ita ce wuta tukuna, sannan mai. Ban ga abin da zai sa ta canza don silinda ta zama takwas ba.

ƊanFagge_Houston: Hajiya na gode. Na aro fitila wurin maƙwabci. A silo digiri 4 ne. A 3,000 ya nuna 19, sai da na kai kusan 4,200 ya tsaya a 24. Bakyum inci 13, allurar ba ta yawo sosai.

Hajiya_V8: To ga rabin ciwonka. Irin wannan tof ɗin yana son jimillar digiri 34 zuwa 36, kuma duk ta gama shigowa wajen juyi 3,000. Kai 24 kake samu, ita ma a makare. Distirbutar HEI, wato ta lantarki da GM ke sawa a wancan zamanin, ma'aunanta suna ba da kusan digiri 20, amma sifirin ɗinta masu tauri ne. Juya ta ka kai 12 ko 14 a silo, ka sayi ƙullin sifirin masu laushi, ba su da tsada. Ka duba ma'aunan a ƙarƙashin rota ko tsatsa ta riƙe su. Sannan ka hau tudu da kaya ka kasa kunne, in ka ji tana ƙwanƙwasa ka rage digiri biyu.

Mekano_Damagaram: Hajiya, da izininki. Kada ya yarda da layin da ke jikin balansa sai ya tabbatar. Balansar ƙarfe biyu ce da roba a tsakani, in robar ta tsufa zoben waje yana zamewa, layin ya bar wurinsa. Mota ce ta 1977. Ya sa abin tsayar da fistan a ramin fulogi na 1, ya juya injin da hannu har ya tsaya ya yi alama, ya juya baya har ya tsaya ya yi alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce saman fistan ta gaskiya. Da hannu fa, batir a cire. Ba da sitata ba.

Hajiya_V8: Haka ne Malam, wannan ya kamata ya zo farko.

Tsohon_Direba: Ni tambayata daban ce. Ina kafireton motar na asali? Waɗannan motocin da Quadrajet suka zo. Ƙofofinta na gaba ƙanana ne, na baya manya, a gari tana shan mai kamar ƙaramar mota, in ka nutsa ƙafa sai na bayan su buɗe gwargwadon buƙatar injin. Mutane suna cire ta don ba su iya gyaranta ba ne kawai.

ƊanFagge_Houston: Alhaji tana nan cikin kwali, mai motar ya haɗo mini da ita. Manifol ɗin ƙarfen ne dai babu.

Tsohon_Direba: Alhamdulillahi. To 2101 yana karɓar ta kai tsaye, yana kuma karɓar kafireto mai ƙofofi daidai-wa-daida. RPM 7101 ba ya karɓar ta, sai ka nemi 7104. Sayi kayan gyaranta da sabon fulot, ka duba sandar malam-buɗe-littafin gaba (faifan da totur ke buɗewa) ko ta yi lako-lako, don nan take shan iskar sata in ta tsufa.

Saurayin_Gudu: Quadrajet ma ai 750 ce. Me ya sa ita ba a ce ta yi girma ba, amma ake kushe 750 ɗin da ke kai?

BabaMaiSifana: Tambaya mai kyau, yau ka burge ni. Lissafin iska: girman inji da inci-kubik sau juyi, a raba da 3,456. 350 sau 5,500 ya ba ka cfm 557, wato ƙafa-kubik na iska a minti, wannan in injin yana cika cikinsa ɗari bisa ɗari. Da tof 882 ka ce kashi 80 ko 85, ka sauko ƙasa da 480. Ita Quadrajet akwai murfin iska a saman ƙofofinta na baya, ba ya buɗewa sai injin ya ja, don haka girmanta ba ya cutarwa. Mai famfo biyu kuwa ƙafarka ce ke buɗe ƙofa huɗun, ko injin ya shirya ko bai shirya ba. An yi ta don mota mara nauyi mai giyar hannu ko konbata (mahaɗin inji da giyar otomatik) mai sakin juyi. A-kori-kura mai jan tirela ba wurinta ba ne. In ba ya son Quadrajet, 600 ta ishe shi, Holley 1850 mai buɗe baya da bakyum ko Edelbrock 1406 mai murfin iska a ƙofofin baya.

Kwamfuta_Kawai: Ku yi haƙuri, amma duk wannan wahalar ta mece ce? Ya je bolar motoci ya ɗauko injin 5.3 LS, V8 na GM mai kwamfuta, daga Silverado ko Tahoe, ya jefa ciki. Ka murɗa makulli ta tashi, babu cok babu jet.

Oga_Panteka: An fara. Mutum ya ce hularsa ta yi masa yawa, ka ce ya canza kai.

Kwamfuta_Kawai: Oga gaskiya ce ai. Ko ya sa Sniper, injekshan mai kwamfuta da ke maye gurbin kafireto, a kan injin nasa.

Na_Toronto: LS ba jefawa kawai ake yi ba. Akwai kujerun inji, famfon mai mai matsi, waya, kwamfuta, salansa, wani lokaci har kaskon baƙin mai. Kuɗin manifol da gasket bai kai kusa ba. Kuma dangin injin nasa tun 1955 ake yinsu, daga 265 aka fara, 350 ya fito 1967 a Camaro. Duk shagon kayan mota da ka shiga a Amurka za ka samu kayansa a kan kanta.

Mai_Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya. Mai son maganar LS ya buɗe nasa zaren.

ƊanFagge_Houston: Ga rahoto. Na yi gwajin Malam na Damagaram, layin balansa daidai yake. Na kai taimin 13 a silo, na sa sifirin matsakaita, yanzu 33 nake gani a wajen 3,100. Bakyum ya hau 16. Silo ya tashi da kansa har sai da na sassauta sukurun. Tarin ya tafi. Jinkirin tashi daga danja ya ragu sosai amma yana nan. Yanzu tiyon bakyum na distirbuta fa, wace ƙofa zan sa shi? Na same shi a ta sama.

Hajiya_V8: Mai da shi ƙofar ƙasa, wadda ke da bakyum ko a silo. A silo cakuɗar mai da iska ba ta da yawa kuma akwai ragowar hayaƙi, tana ci a hankali, tana son wuta da wuri. Injin zai fi sanyi a cunkoso, kuma za ka ƙara rufe malam-buɗe-littafi. Wannan yana da amfani, don in ya buɗe da yawa a silo tsagar nan da ke ba da mai tsakanin silo da babban jet tana fitowa fili, ta ƙare aikinta tun ba ka taka ba. Cire kafireton ka kifa shi, abin da ya kamata ka gani na tsagar ɗan murabba'i ne kawai. Amma ka taƙaita gwangwanin bakyum ɗin zuwa digiri 10 ko 12, na wancan zamanin suna ba da fiye da haka.

BabaMaiSifana: Nan kam ban bi ki ba Hajiya. Giyarsa otomatik ce. In ya sa ta a D bakyum ya sauka, gwangwanin ya saki, taimin ya ragu, silo ya faɗi, bakyum ya ƙara sauka. Sai ka ga mota tana hawa da sauka a danja. Na bar mutane da yawa a ƙofar sama da taimin 14 suna tafiya lafiya ƙalau.

Hajiya_V8: Baba, wannan yana faruwa ne in gwangwanin bai dace ba. A zaɓi wanda yake gama ja a inci biyu ƙasa da bakyum ɗin silo cikin giya. Da 16 ɗinsa ba zai sha wuyar samu ba.

BabaMaiSifana: Ya gwada duka biyun, ai cire tiyo ne da mayarwa.

Bakanike_Denver: Ƙarin bayani ga masu karanta lambobin nan daga wani wuri. Shi Houston bakin teku ne. Mu nan Denver ƙafa 5,280 muke sama, bakyum yana raguwa kusan inci ɗaya a duk ƙafa 1,000, don haka lafiyayyen inji yana iya nuna 14 ko 15. Jet ma ragewa muke yi, kusan lamba ɗaya a duk ƙafa 2,000, kuma injin yana ɗaukar ƙarin taimin. Kada wani ya kwafi saitin wani ido rufe.

ƊanJos: Shi ya sa motar da aka saita a Legas in ta hau Filato take baƙanta fulogi.

Mekano_Damagaram: In ka tashi ɗora manifol ɗin, ko wanne ne, ga abin da ke kayar da mutane. Robobin gaba da baya da ke zuwa cikin kwalin gasket, ajiye su. Wanke bangon bulok ɗin tas, ka ja layin silikon mai kaurin kwatan inci, ya ɗan hau kan kunnuwan gasket. Sauke manifol ɗin a miƙe sau ɗaya, kada ka ja shi gaba da baya. Notuna 12 ne, daga tsakiya ake farawa a fita waje, hawa-hawa har fam-ƙafa 25. Shafa wa notunan tsakiya abin toshe zare don baƙin mai yana biyo su. Kafin ka zare distirbuta yi alamar inda rota ke kallo, kuma in ta ƙi zama ƙasa kada ka danna ta da noti, sandar famfon baƙin mai ce ba ta shiga ba. Ka canza baƙin mai bayan aikin, ruwan lagireto yana zuba ciki ko ka yi hankali.

Saurayin_Gudu: Ni dai ina nan kan bakata. Yanzu ya ɗanɗana taimin, wata shida zai dawo yana tambayar tof ɗin Vortec, samfurin tof na GM da ya zo daga baya. A lokacin 2101 ya zama asara.

Na_Toronto: To ai RPM ɗin da kake cewa ya saya ma asarar zai zama. Vortec na 1996 zuwa sama noti takwas ne a tsaye, ƙofofinsa kuma sun fi tsawo. Manifol ɗin tsohon tof ba ya hawa kansa, nasa daban ne, 2116 ko 7116. Kuma da ɗakinsa na 64cc matsi zai ƙaru da kusan ɗaya, taimin da yake so bai kai na 882 ba, wajen 32. In har Vortec na cikin shirinsa, ya dakata da sayen komai.

ƊanFagge_Houston: Gaskiya Vortec ya taɓa zo mini a rai, amma ba bana ba. Wani abu kuma: in na kashe ta da rana na shiga shago minti goma, sai ta daɗe tana juyi kafin ta tashi, ga warin fetur.

Hajiya_V8: Mai ne ke tafasa a cikin kafireto. Fetur ɗin nan mai kashi 10 na itanol ba ya jure zafi, ga zafin Texas. Sa katako ko robar hana zafi mai kaurin rabin inci tsakanin kafireto da manifol, ka janye layin mai daga jikin inji. A kan manifol mai hawa biyu ka nemi mai ramuka huɗu ko mai rabe, buɗaɗɗe yana haɗe ɓangarorin da aka raba da gangan.

Na_Toronto: Ka ga a nan Air-Gap ɗin Saurayi yake da hujja.

BabaMaiSifana: Ko ya sa gasket mai rage ramin hayaƙin tsakiya a kan 2101, ya samu rabin amfanin. Amma in cok ɗin Quadrajet ɗinsa mai aiki da zafin manifol ne, sai ya mai da shi na lantarki.

Tsohon_Direba: Ana sayar da murfin lantarkin, waya ɗaya ce.

Saurayin_Gudu: Kuma har yanzu ba wanda ya san kamshaf ɗin. Bakyum 16 ba na asali ba ne, na asali a bakin teku yana ba da 18 zuwa 20. In babba ne a ciki fa?

BabaMaiSifana: Babban kamshaf ba ya ba da 16 da allura a tsaye. Kamshaf ɗin da aka yi don manifol ɗin Performer RPM, mai riƙe bawul a buɗe digiri 234 da 244, ba zai kai nan ba. Amma ka yi gaskiya, a auna. ƊanFagge, ɗora agogon awo a kan sandar tura bawul, ka juya injin da hannu, abin da ya nuna ka ninka da 1.5. Na asali yana ba da inci 0.390 a bawul ɗin shiga, 0.410 a na fita. In ka ga wajen 0.420 zuwa 0.450, ƙarami ne na jan kaya, ina nan kan 2101. In ya haura 0.470 sai mu sake zama.

Hajiya_V8: In ma ya haura, da aksul 3.08 da konbatar asali ni kamshaf ɗin zan cire, ba manifol zan bi shi da shi ba.

ƊanFagge_Houston: Agogon awon sai ranar Asabar zan samu. Kafin nan na fito da Quadrajet daga kwali, sandar gaban tana ɗan motsi in na girgiza ta. Alhaji, motsi nawa ne ya yi yawa, kuma ana iya sa mata bushin a gida ko sai an kai wa masu injin huda?